Birnin Salisbury na Ingila da Tsofaffin Wuraren da Ke Kewaye da Shi

 'Yan uwa ɗalibai da iyayenmu, bana mun zaɓi mu yi bayanin wani birni na ƙasar Ingila mai suna Salisbury. Mun san wani zai ce, me ya haɗa ɗan madarasa da birnin majami'a? To, darasin tarihi ne ya haɗa mu. A aji mun haddace cewa Tatar sun ci Bagadaza a shekara ta 656 bayan Hijira, wato 1258. Ashe a shekarar nan ce mutanen Salisbury suka buɗe babbar majami'arsu, bayan shekara 38 ana gini. Daga nan muka so mu ji sauran labarin.

Daga Landan, jirgin ƙasa yana kai mutum cikin kamar awa ɗaya da rabi. Amma a ganinmu mai ziyara ya fara da tudun Old Sarum, kilomita uku arewa da birnin, domin can ne tsohon garin. An tayar da ganuwarsa wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rumawa sun san wurin, daga baya sarakunan Ingila suka gina fada da majami'a a kai. Sai dai tudun ba ruwa, ga iska, ga rikici kullum tsakanin malaman majami'a da sojojin sarki. Da abin ya ishe su, sai suka sauko kwari bakin kogi suka aza sabon tushe a 1220. Gari ya bi su, har duwatsun tsohuwar majami'ar aka kwashe. Yau tudun kufai ne, sai ciyawa da alamar harsashi.

Kun ga waɗanda suka gudu daga ƙishirwa, sai suka faɗa fadama. Tushen sabon ginin bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba, yana zaune ne bisa tsakuwa mai ruwa. Har yau akwai ɗan rami a daɓen da ake zura sanda a auna ruwan, don idan tsakuwar ta bushe ginin zai iya motsawa. A kan wannan tushen aka zo daga baya aka ɗora hasumiya mai tsawon mita 123, wadda babu majami'ar da ta kai ta tsawo a Birtaniya. Wanda ya san hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, ya jera huɗu bisa juna, da sauran mita 15. Nauyinta har ya ɗan lanƙwasa ginshiƙan da ke ɗauke da ita, ido yana gani. A ciki kuma akwai agogon ƙarfe na wajen 1386, ba shi da fuska ba shi da hannu, ƙararrawa kawai yake bugawa.

Mu dai abin da ya fi jan hankalinmu ba ginin ba ne, wata fatar tunkiya ce da aka yi rubutu a kanta da harshen Latin. Sunanta Magna Carta. A 1215 hakiman Ingila suka tayar wa Sarki John, saboda haraji da kamun mutane ba dalili, suka tilasta shi ya sa hatimi a kan yarjejeniya. Cikin sharuɗɗanta akwai cewa ba za a ɗaure ɗa ba sai da hukuncin shari'a, kuma ba za a sayar da adalci ba. Mu lura fa, 'ya'ya aka ce, talakawan da ke ɗaure da gonakin iyayengijinsu ba su samu wani rabo mai yawa ba. Sarkin ma bai cika alkawari ba, cikin 'yan watanni yaƙi ya tashi. Amma da yake an rubuta, ba ta mutu ba. Kwafi huɗu na asali suka rage, na Salisbury ya fi sauran lafiya, ana karanta shi tsaf.

To, daga nan sai mota, kilomita goma sha wani abu arewa, zuwa Stonehenge. Nan labari ya sauya, domin masu wurin ba su bar ko harafi ɗaya ba. An fara haƙa gwalalonsa wajen shekara 3000 kafin Annabi Isa (AS), da ƙahon wata irin barewa, manyan duwatsun kuma aka tsayar da su wajen 2500. Ɗaya yakan kai tan 25. Na tsaye an sassaƙa masa ƙullutu a ka, na kwance an yi masa rami, suka shiga juna kamar turmi da taɓarya. Ƙananan, masu launin shuɗi-shuɗi, daga tsaunukan Preseli na ƙasar Wales aka kawo su, fiye da kilomita 200, ba mota ba ƙarfe. Kai, jama'a!

Me suke yi da wurin? Masana sun tono ƙasusuwan mutanen da aka ƙone aka binne, don haka maƙabarta ce a wani zamani. Sun kuma tabbatar an daidaita shi da fitowar rana a yini mafi tsawo na shekara, da faɗuwarta a yini mafi gajarta. Bayan wannan sai saɓani, wani ya ce wurin bauta, wani ya ce wurin taro. A darasin hadisi da sai mu ce labarin ba shi da isnadi. Sunan wanda ya jagoranci ƙaura daga Old Sarum muna da shi, Richard Poore, amma na masu jan tan 25 ko ɗaya babu.

An kewaye duwatsun da igiya, daga nesa ake kallo. Mai son ya taɓa da hannu sai ya ƙarasa Avebury, can arewa, inda da'irar ta fi faɗi, har da ƙauye a cikinta. Wanda Allah ya kai cikinmu ya duba lokacin sallarsa tun kafin ya fita. A watan Yuni rana tana fitowa kafin ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. A Disamba kuwa ƙarfe 4 an yi Magariba.