Jar fitilar ruwa a tsohuwar Sharon: Ƙarya take yi ko inji ne zai ƙone?

Duk direban da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Kaduna ko Katsina a tsohuwar Sharon ya san wannan fitila. Ja ce, tana da hoton ma'aunin zafi a kan igiyar ruwa, kuma takan fara ƙiftawa ne a lokacin da ba a so, mota cike da mutane, rana ta take. Daga nan direba ke shiga tsaka mai wuya: ya tsaya fasinja su yi ta ƙorafi, ko ya ci gaba ya jefa injin cikin haɗari.

Motar da ake kira Sharon a tashoshin Arewa ita ce Volkswagen Sharan, wadda aka fara ƙerawa a 1995 a ƙasar Fotugal, tare da 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra. Da yawa daga cikin waɗanda ke aiki a hanyoyinmu sun haura shekara 20, kuma sun shigo ne bayan sun gama aiki a Turai. Tiyo da robobi da wayoyinsu duk sun tsufa.

Abin da fitilar ke nufi

Abu biyu ke kunna ta: ko ruwan lagireto ya yi ƙasa, ko inji ya yi zafi fiye da kima. Allurar ma'aunin zafi ce ke raba gardama. Lafiyayyen inji yana tsayawa ne a kan 90. Idan allura ta wuce nan tana hawa, matsalar ta gaske ce, a kashe mota. Idan tana kan 90 amma fitila na ƙiftawa, tankin ruwa za a fara dubawa.

A cikin wannan ƙaramin tanki na roba da ke ƙarƙashin bonet akwai ƙarafa biyu da ke nutse a ruwa. Muddin ruwa ya rufe su, lantarki na ratsawa tsakaninsu, fitila ta yi shiru. Da zarar ruwan ya sauka ƙasa da su, sai ta kama.

Lokacin da take ƙarya

Tsatsa da dattin ruwa kan lulluɓe ƙarafan nan har lantarki ya kasa wucewa, sai fitila ta kama alhali tanki a cike yake. Haka ma idan soket ɗin da ke jikin tankin ya yi tsatsa, ko waya ta tsinke. Maganin wannan ba shi da tsada: a wanke ƙarafan, a gyara soket, ko a sauya tankin baki ɗaya.

Sai dai wasu masu wayarin kan bi gajeriyar hanya, su haɗe bakin wayoyin biyu don fitilar ta mutu. Direba ya huta da ƙiftawa, amma ranar da tiyo ya fashe babu abin da zai gargaɗe shi. Ita ma allura ba abin dogaro ba ce a irin wannan hali, domin idan ruwa ya tsiyaye sarai, na'urar auna zafin na iya zama a cikin iska ta ba da lissafin da ba daidai ba.

Lokacin da take gaskiya

Idan kullum sai an ƙara ruwa, to akwai inda yake bi. Wuraren da aka fi zargi su ne mahaɗar roba da ke jikin kan inji, famfon ruwa, bakin tiyo, da lagireton kansa. Wasu samfuran na da dogayen bututu da ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa hita, kuma ɗigarsu ba ta bayyana a gaban inji. Marfin tanki ma na da nasa aiki: shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri, idan ya saki sai ruwa ya riƙa fita a matsayin tururi.

Idan ruwa bai ragu ba amma zafi na hawa, sai a duba fanka da fiyus ɗinta, musamman in a cunkoso ne abin ke faruwa. Idan kuwa a kan gudu ne, ana zargin toshewar lagireto, ko tamostat da ya maƙale, ko famfon da fukafukansa na roba suka lalace.

Mafi muni shi ne ƙonewar gasket ɗin kan inji. Alamominsa sun haɗa da farin hayaƙi mai yawa daga salansa, kumfa a tanki yayin da inji ke aiki, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara.

Al'adun da ke ƙara ɓarna

Ruwan rijiya da fiya wata da ake ɗurawa a hanya ba su da sinadarin hana tsatsa, su ne ke cinye ƙarafan tanki da cikin lagireto. Volkswagen na da nasa ruwan sanyaya inji, G11 mai launin shuɗi ko kore da G12 mai launin ja, kuma haɗa waɗannan biyun na iya yin laka ya toshe hanyoyin ruwa. Cire tamostat da wasu kanikawa ke yi da sunan ƙasarmu akwai zafi yana ɓoye ciwon ne kawai, ga ƙarin shan mai.

Idan ta kama a hanya

A sauka gefen titi, a kashe inji, a ba shi aƙalla rabin awa. Kada a buɗe marfin tanki da zafinsa, ruwan na iya feshowa ya ƙona fuska da hannu. Bayan ya huce a duba ko ruwan na tsakanin layin MIN da MAX, a leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗiga. In an ƙara ruwa kuma fitila ta sake kamawa bayan 'yan kilomitoci, motar ta gareji ce, a nema wa fasinja wata.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, duba tankin kowace safiya kafin a tayar da inji ba ya cin minti ɗaya. Kuɗin sabon tanki ko marfi kuwa bai kama ƙafar na sauke kan inji ba, balle kwanakin da mota za ta yi a gareji mai ita na jiran balas.