Azumin da likita ke sa mai jego kafin a yi mata aiki



Ba kowace haihuwa ce ke ƙarewa da kukan jariri ba. Wani lokaci mabiyya takan ƙi fita, ko jini ya ɓalle, ko a sami yagewar da sai an ɗinke. Wata kuma sai bayan watanni za a kira ta gyaran yoyon fitsari, kamar yadda ake yi a Yamai, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi wadda aka buɗe a 2012. Duk inda aka tsara irin wannan aiki, umarnin farko da dangi ke ji shi ne kada a ba ta abinci. Da Faransanci likitoci na cewa "à jeun", mu kuwa sai mu ce azumi, kuma daga wannan kalma ruɗani yakan fara.

Wannan ba azumin ibada ba ne. Ba shi da niyya ko sahur, ba ya jiran faɗuwar rana. Mai jinin biƙi ma shari'a ta ɗauke mata azumin Ramadan har ta sami tsarki, sannan ta rama. Abin da likita ke nufi kawai shi ne ciki ya zama wayam a lokacin da za a ba ta maganin barci.

Mutum a farke, in abu ya taso masa daga ciki, tari da haɗiya suna tsare hanyar numfashinsa. Maganin barci yana kashe wannan tsaro, sai abin da ke ciki ya sulale zuwa huhu. Ruwan ciki kuwa mai tsami ne ƙwarai, yana ƙona huhu, gutsuren abinci kuma yana iya toshe maƙogwaro. Wani likita na birnin New York a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana haka a 1946: cikin haihuwa 44,016 ya sami mata 66 da abin ya faru da su, biyu suka rasu saboda shaƙewa da abinci. Mai sabon jego ta fi kowa kusa da wannan haɗari, domin juna biyu yana sassauta bakin tumbi, naƙuda kuma tana jinkirta narkewar abinci, balle in an yi mata allurar kashe ciwo mai ƙarfi. Tuwon da ta ci kafin naƙuda yana iya kwana a cikinta.

A da, doka guda ce: daga tsakar dare ba ci ba sha. Sai mace ta wuni da ƙishirwa a zafin watan Afrilu, ga shayarwa, har la'asar ba a kira ta ba. An gano wannan wahala ce marar amfani, domin ruwa zalla ba ya daɗewa a ciki. Tun 1999 ƙungiyar likitocin maganin barci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa: ruwa garai har zuwa awa 2 kafin aiki, abinci marar nauyi awa 6, mai maiƙo ko nama awa 8.

To, mene ne ruwa garai? A nan gidajenmu ke tuntuɓe. Shi ne wanda in an zuba a kofin gilashi ana hangen abin da ke bayansa: ruwan sha, ko shayi ba madara. Kunun kanwa da muke ɗura wa masu jego abinci ne, ko da an tsinka shi. Haka kunun gyaɗa, da koko, da fura da nono, da romon ƙafar saniya. Shayi da madara ma a sahun abinci ake ƙirga shi. Uwa ko kaka da ta ce "ai ɗan kunu ne kawai ta kurɓa" da zuciya ɗaya ta faɗa, amma huhu bai san tausayi ba. A ajiye kwanon, ba zai ɓaci ba kafin ta farka.

Waɗannan awoyi na aikin da aka tsara ne, kuma maganar likitan da ya duba ta ita ke gaba da su, musamman ga mai ciwon sukari ko wadda ba ta daɗe da sauka ba. Ko an ce allurar baya za a yi mata, a kiyaye umarnin, domin a tsakiyar aiki ana iya bukatar sa ta barci gaba ɗaya. In jira ya yi tsawo, miji ko mai jinya yana da damar tambaya cikin ladabi ko za ta iya shan ruwa, ko a sa mata ƙarin ruwa ta jijiya.

Gaggawa kuwa hukuncinta daban. Wadda jini ya ɓalle mata ba a jira cikinta ya sauka. Likitoci suna da dabarun kare huhunta, muddin sun san gaskiya. Saboda haka da zarar an ga alamar matsala a gida, a daina ba ta ci da sha, a kama hanya. In an tambaya, a faɗi abin da ta ci da ƙarfe nawa, har da dabino, da jiƙon gargajiya, da ruwan rubutu. Wasu sukan ɓoye don tsoron faɗan ungozoma ko kada a ɗage aiki. A ganinmu wannan cin amana ne ga wadda ke kwance, tun da ba ta da bakin kare kanta a wannan sa'a.

Shi jaririn ba ya cikin wannan azumi. Uwa na iya ba shi nono kafin a shiga da ita, kuma ga yawancin magungunan barci na yau, da zarar ta farka hankalinta ya dawo tana iya riƙe shi, sai ta ci gaba da shayar da shi, sai fa in likita ya faɗi wani dalili na dabam.

Allah ya ba masu jegonmu lafiya, ya raya abin da aka samu. Wassalam.