Wace Manhajar Taswira Ce Ta Fi Dacewa Da Mai Babur?

Hutun ƙarshen zango ya matso, kuma na san da yawa daga cikinmu a kan babur za su kama hanyar gida, wasu kuma su wuce wurin IT a garin da ba su taɓa zuwa ba. Shi ya sa na ga ya dace, kafin in yi sallama da makarantar nan, in faɗi abin da na koya game da manhajojin nuna hanya. Da wahala na koye shi, ba a aji ba.

A daminar bara aka gayyace mu ɗaurin auren wani ɗan ajinmu a wani ƙauye a jihar Jigawa. Na hau babur ɗin yayana, na buɗe taswira a waya, na ce ai ba sai na tambayi kowa ba. Ina sauka daga kwalta na shiga burji, sai sabis ya ɗauke. Fuskar waya ta koma fari fat, ba abin da ya rage sai ɗigon nan shuɗi yana yawo shi kaɗai. Na ci gaba da bin layin da na tuna, har na tsinci kaina a bakin wani rafi da ruwa ya cinye kwalbatinsa. Wani dattijo da ke dawowa daga gona ya dube ni, na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah nan ce hanyar?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai wannan hanyar sai da rani. Koma ka bi ta kasuwa." Ko da na isa an shafa fatiha, an ma kusa gama cin shinkafa. Laifina ne, domin ban sauke taswira ba, ban kuma tambayi kowa ba.

Bari in fara da wani abu da yawancinmu ba mu gane ba: shi kansa GPS ba ya cin data. Taurarin ɗan'adam ne na Amurka, aƙalla 24, da ke zagaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, suna aiko da sigina kyauta. Idan wayarka ta kama sigina daga huɗu daga cikinsu, za ta iya lissafa inda kake tsaye. Abin da ke buƙatar intanet shi ne hoton taswirar da kuma lissafin hanya. Wannan ne dalilin da ya sa ɗigona ya ci gaba da motsi ranar nan alhali babu titi ko ɗaya a ƙarƙashinsa. To, ma'aunin farko na kowace manhaja ke nan: me za ta iya yi maka idan babu sabis?

Google Maps ita ce wadda kowa ya sani, kuma tana zuwa a cikin kusan kowace wayar Android. A watan Yulin 2019 aka buɗe wa Najeriya ɓangaren masu babur, wanda ke bi da kai ta ƙananan hanyoyin da mota ba ta shiga, ya kuma ƙiyasta lokaci bisa gudun babur. A cikin gari kamar Kano ko Kaduna da wuya ka samu wadda ta fi ta. Ta san gidajen mai, asibitoci da bankuna, tana kuma nuna inda ake gosulo. Za ka iya jera wuraren tsayawa har tara bayan inda ka tashi. Tana barin ka sauke taswirar wani yanki ka ajiye, amma fa idan babu intanet ba za ka ga bayanin cunkoso ba, ba kuma za ta ba ka zaɓin wata hanya ba.

OsmAnd kuma tun asali don aiki ba tare da intanet aka gina ta. Tana amfani da OpenStreetMap, wato taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa kai ke zanawa suna gyarawa. Kana sauke taswira sau ɗaya, komai sai ya koma cikin wayarka, har da lissafin hanya da muryar jagora. Tana da tsarin babur nata, kana iya ce mata ta guji hanyar da ba kwalta, kuma inda aka shigar da bayanin takan nuna maka ko titi kwalta ne ko burji ko yashi. Tana iya naɗar hanyar da ka bi a fayil ɗin GPX, ka tura wa aboki ta WhatsApp ya bi sawunka. Matsalarta biyu ce. Saitinta yana da yawa, ranar farko sai kanka ya ɗaure. Sannan ta kyauta sau bakwai kawai take bari ka sauke taswira, don haka kada ka ɓarnatar da su kan ƙasashen da ba za ka je ba.

Organic Maps ƙanwarta ce a wajen aiki. Ita ma OpenStreetMap take amfani da shi, ta fito a 2021, kyauta ce kuma babu talla. Ba ta da tsarin babur, sai dai ka zaɓi na mota, amma tana da sauƙin sha'ani kuma ba ta da nauyi. Wanda wayarsa ƙarama ce, ko wanda ba ya son dogon saiti, ita zan ba shi shawara.

Waze, wadda Google ya saya a 2013, ƙarfinta yana ga rahoton da direbobi ke aikawa kan haɗari ko cunkoso. Tana son data, kuma amfaninta ya dogara da yawan masu amfani da ita a hanyar da kake bi. A hanyar ƙauye ba ta da wanda zai ba ta labari. Akwai kuma irin su Calimoto da Kurviger na ƙasar Jamus, da aka yi wa masu manyan babura da ke neman hanya mai lanƙwasa don nishaɗi, kuma cikakken aikinsu sai an biya. Mu da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muke lissafin kowace lita, ina mu ina neman ƙarin kwana?

Ga yadda nake yi yanzu. Daren tafiya, ina samun intanet mai ƙarfi, sai in sauke yankin a Google Maps da kuma OsmAnd. In saka wurin da zan je a duka biyun. Idan suka nuna hanya ɗaya, alhamdu lillahi. Idan suka saɓa, to nan ne wurin tambaya. Ina rubuta sunayen garuruwan da zan ratsa a takarda in saka a aljihu, saboda takarda cajinta ba ya ƙarewa. Ina sa alama a gidan mai na ƙarshe kafin in bar kwalta, don kada in faɗa hannun 'yan bumburutu. Fawa bank dole ne, domin hasken fuskar waya da GPS suna shan caji sosai, ga zafin rana. Masu iPhone kuma su sani, a 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar injin babur na iya lalata kyamarar waya idan aka ɗaura ta a jikinsa. Ni dai a aljihu nake barin tawa, idan zan duba in tsaya a gefen titi. Kallon waya kana gudu ganganci ne.

Amma abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne abin da babu manhajar da ta sani. Ba ta san gadar da ta karye jiya ba. Ba ta san dajin da ba a ratsawa bayan la'asar ba. Ba ta san ƙaramar hukumar da aka taƙaita hawa babur ba, kuma mun ga an yi hakan a wasu jihohin arewa maso yamma saboda tsaro. A watan Satumbar 2021 ma an rufe layukan waya gaba ɗaya a jihar Zamfara, ka ga wanda ya dogara da data kaɗai ya shiga uku. Ita manhaja gajeriyar hanya ko mai sauri take nema, ba ruwanta da ranka. Waɗanda suka san halin hanya yau su ne direbobin tasha, 'yan kamasho, 'yan acaba da masu faci. Gaisuwa da tambaya ɗaya ba za su ci maka minti biyar ba, kuma matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka, a cikin gari ka riƙe Google Maps. Idan za ka bar kwalta, ka tafi da OsmAnd ko Organic Maps a sauke. Idan kuwa waya ta ce gabas, mutanen gari suka ce yamma, wallahi ka bi mutanen gari, ko da zagaye ne. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara. Ka sa hular kwano, ka faɗa wa na gida hanyar da za ka bi da lokacin da kake sa ran isa, kada kuma dare ya yi maka a hanyar da ba ka sani ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyayensa lafiya.