Yadda Ake Sarrafa Tukunyar Ruwan Zafi ta Ɗakin Tafi-da-Gidanka

A ƙasashen Amurka da Turai akwai wani irin ɗaki da ake ginawa a bisa ƙafafun mota, a ɗaura shi a bayan mota a ja shi zuwa duk inda aka ga dama. A cikinsa akwai gado da murhu da makewayi, har da famfon ruwan sanyi da na zafi. Mutanen can sukan tafi yawon shan iska da shi lokacin hutu. A ƙasar nan kuwa an fi ganin irinsa a sansanin ma'aikatan gina hanya da na waɗanda aiki ke kai su daji. Ba abin da ya fi saurin lalacewa a hannun wanda bai san kansa ba a cikin kayan ɗakin nan kamar tukunyar dafa ruwan wanka, ita ce kuma ta fi haɗari, domin ta haɗa ruwa da wuta da gas a wuri guda.

Tukunyar ƙarama ce. Ƙirar Amurka, watau irin ta kamfanonin Suburban da Atwood, yawanci takan ci galan 6 ko galan 10, kimanin lita 23 ko 38 ke nan. Ana cusa ta a jikin bangon ɗakin, ƙofarta na buɗewa ta waje. Da yawa daga cikinsu suna da hanya biyu ta dafa ruwa: ko dai harshen wutar gas ya bi ta wani bututu da ya ratsa tukunyar, ko kuwa wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke nutse cikin ruwan ya ɗauki zafi da lantarki.

Ruwa Kafin Wuta

Wajibi ne a tabbata tukunyar ta cika da ruwa kafin a taɓa kowane makunni. Ƙarfen lantarkin nan ruwa ne ke kwashe masa zafi; in aka kunna shi babu ruwa, nan da nan zai ƙone, ba ya kuma gyaruwa sai sauyi. Yadda za a gane ta cika shi ne a buɗe famfon ruwan zafi a bar shi yana zuba. Da farko zai yi ta tari yana fesar da iska, sa'an nan ya daidaita ya zubo sosai.

Amma fa akwai wani tarko a nan. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa lokacin sanyi, akan tsiyaye tukunyar don kada ƙanƙara ta fasa ta, saboda haka masu ƙira suka sa waɗansu bawul a bayanta masu karkatar da ruwa ya wuce ta gefe. In an bar su a haka, famfon ruwan zafi zai zubo lafiya lau alhali tukunyar wayam take. Duk wanda ya sayi ɗakin da aka yi amfani da shi a ƙasar sanyi, to, lalle ya duba bawul ɗin nan. Shaida mafi ƙarfi ita ce a buɗe ƙofar waje, a ɗaga hannun bawul ɗin tsaro da ke saman tukunyar tun tana sanyi. In ruwa ya tsarto, ta cika.

Aiki da Lantarki

Ƙarfen tukunyar Amurka an yi shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, yana jan kimanin wat 1,400. Wutar Nijeriya kuwa bolt 230 ce. Wanda ya jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, ya ƙone ƙarfen, watakila har da sauran kayan ɗakin. Ƙirar Turai, kamar ta kamfanin Truma na Jamus, ita ce ta dace da wutar ƙasar nan. Bayanin duk yana rubuce a jikin tukunyar, sai a karanta tukuna.

Lantarki ba shi da hayaƙi, ba shi da ƙara, amma yana da nawa: galan 6 na ruwan sanyi yakan ɗauki wajen minti 40 kafin ya yi zafi. Yana kuma da cin wuta, gama tukunyar ita kaɗai tana jan amfiya 12, alhali yawancin ƙananan ɗakunan nan amfiya 30 ce iyakarsu. In aka haɗa ta da na'urar sanyaya ɗaki da dutsen guga, wutar za ta yanke. Ga mai dogara da ƙaramin janareta, ya fi masa sauƙi ya koma ga gas. A waɗansu samfurori makunnin lantarkin yana waje, a bayan ƙofar tukunyar, inda ido ba ya kai wa, shi ya sa ake mantawa da shi a kunne a tsiyaye ruwa.

Aiki da Gas

Gas ya fi sauri, cikin minti 20 zuwa 30 ruwa ya yi zafi, ba ya kuma bukatar wutar gari. Tsofaffin tukwane suna da ɗan ƙaramin harshen wuta da ake kunnawa da ashana ta waje. Na zamani kuwa makunni ake dannawa daga ciki, na'ura ta buɗe gas ta ƙyasta masa wuta da kanta, da ƙarfin batir mai bolt 12. In batirin ya yi sanyi, ko silinda cike take ba za ta kama ba. Yawancinsu sukan gwada sau uku, in abin ya faskara su rufe gas su nuna jar fitila. Bayan an sauya silinda hakan yakan faru saboda iskar da ta shiga bututu. Maganinsa a kunna murhun girki har wutarsa ta daidaita, sa'an nan a kashe makunnin tukunyar a sake kunnawa. In ana gaggawa, ko masu wanka suna da yawa, ba laifi a kunna gas da lantarki gaba ɗaya.

Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce. In ta koma rawaya, ko aka ga baƙin hayaƙi ya shafi bangon da ke saman ƙofar, to, wani abu ya toshe bututun. Sau da yawa gizo-gizo ne ya yi saƙa, ko zanzaro ya yi gini a ciki, kuma kowa ya san zanzaro ba ya raina rami. Sai a kashe, a bari ta huce, a share. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fid da guba mai suna kabon monoksayid, irin wadda ke cikin hayaƙin janareta. Ba ta da wari, ba ta da launi. Takan fara da ciwon kai da jiri, ta kashe mai barci bai farka ba. Don haka kada a jingina kome a ƙofar tukunyar, kada a rufe ta da tabarma ko tamfol, tagar da ke kusa da ita kuma a rufe ta muddin wutar na ci.

Shi kansa gas ɗin ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. Da gangan ake sa masa wari don a gane. Wanda ya ji warin nan ya rufe silinda, ya buɗe ƙofofi, kada ya taɓa makunni ko ashana. Ruwan sabulu ake shafawa a mahaɗar bututu a nemi inda ke kumfa. Har ila yau, a kashe tukunyar kafin a kama hanya, balle a shiga gidan mai, domin takan ƙyasta wuta da kanta duk sa'ad da ruwa ya huce.

Zafin Ruwa da Kula da Tukunya

Na'urar da ke tsai da zafi takan kashe wuta a wajen digiri 54 zuwa 60 na ma'aunin Santigireti. Ruwa mai digiri 60 yana saluɓe fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, ta yara da tsofaffi ma ta fi saurin ƙuna, saboda haka a fara buɗe na sanyi a sirka. Ɗan ɗigon ruwa daga bawul ɗin tsaro sa'ad da tukunya ke zafi ba abin damuwa ba ne, ruwa ne ya kumbura. Toshe bawul ɗin shi ne ganganci, gama shi ke hana tukunyar fashewa.

Tukunyar Suburban ta ƙarfe ce, a cikinta akwai wata sanda ta maganiziyam ko alminiyam wadda tsatsa ke ci a maimakon tukunyar. A zare ta a duba sau ɗaya a shekara, in kashi uku cikin huɗu ya cinye a sa sabuwa. Ta Atwood ta alminiyam ce, ba ta bukatar sandar. In ɗakin zai daɗe ba kowa, sai a kashe gas da lantarki, a bari ruwan ya huce, a buɗe famfo ƙarfinsa ya fita, sa'an nan a kwance murfin ƙasa a tsiyaye, domin ruwan da ya kwana biyu a ciki yakan yi warin ruɓaɓɓen ƙwai.