Saƙon Sirrin Da Tsutsar Ciki Ke Aika Wa Jikin Ɗanka

Mai karatu, sau da yawa uwa kan tsaya gabana a kantin magani ta ce, "Yaron nan ba ya kukan ciki, me zai yi da maganin tsutsa?" Amsar tana cikin wata dabara da masana suka gano.

A shekarar 2014, Amy Buck da abokan aikinta a Jami'ar Edinbura da ke Birtaniya sun binciki wata tsutsa mai zama a hanjin ɓera. Sun ga tana fitar da wasu 'yan ƙunshi masu ɓawon kitse, ƙanana ƙwarai, sai an jera kusan 1,000 kafin su kai kaurin silin gashi. A cikinsu akwai gajerun sinadarai da ake kira RNA, waɗanda ke iya daƙile wani umarni a cikin ƙwayar halitta.

Ƙwayoyin halittar bangon hanji sukan haɗiye ƙunshin. Da ya shiga, sai ya raunana wasu hanyoyin da hanji ke bi wajen kiran garkuwar jiki ta kawo ɗauki. Kamar dai ɓarawo ne ya jefa wa karen gida nama. A 2017, da aka yi wa ɓeraye rigakafin ƙunshin, jikinsu ya fi iya korar tsutsar. An kuma samu irinsa a tsutsotsin da ke kama mutum, kamar mai jawo tsargiya, sai dai har yanzu babu allurar rigakafin tsutsar ciki ga mutane.

Saboda haka shirun ciki ba shaidar lafiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5 na ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa. Yaro na iya yin wasansa, alhali jininsa na raguwa, girmansa na tsayawa, hankalinsa na barin karatu.

A wuraren da tsutsa ta yawaita, hukumar ta ba da shawarar a ba yara daga shekara 1 albendazole ko mebendazole sau ɗaya ko biyu a shekara. Ka tambayi likita ko masanin magunguna adadin da ya dace da shekarun ɗanka. Mai juna biyu kada ta sha a watanni ukun farko.

Maganin ba ya hana sake kamuwa. A sa wa yara takalmi, a wanke hannu da sabulu, a wanke ganye da 'ya'yan itace sosai, a kuma yi bayan gida a masai.