Harajin da Ba a Rubutawa a Jikin Kaya

A mafi yawan kantunan Amurka, farashin da ke jikin kaya ba shi ne kuɗin da za ka biya ba. Takalmin dala 100 a birnin Shikago zai ci maka sama da dala 110 a wurin biya, domin sai a nan ake ɗora harajin sayayya. Gwamnatin tarayya ba ta da ko sisi a ciki. Jihohi ne ke yanka shi, gundumomi da birane kuma su ƙara nasu a kai.

Jihohi 45 ne ke karɓarsa. Biyar ba sa karɓa: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon, kodayake Alaska ta bar garuruwanta su sa nasu. Kalifoniya ce kan gaba da kashi 7.25 cikin ɗari, kafin birane su ɗora. Bambancin da ke tsakanin jihohi ya sa mazauna kudancin jihar Washington kan tsallake kogin Columbia su yi sayayya a Portland ta jihar Oregon, inda ba a karɓar komai.

Harajin sayayya ya bambanta da VAT ɗinmu na Najeriya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, kuma ake karɓarsa a kowane mataki daga masana'anta har kanti. A Amurka sau ɗaya ake karɓa, daga mai saye na ƙarshe. Ɗan sari yakan nuna takardar shaidar cewa sayarwa zai yi, sai a ɗauke masa.

Cinikin intanet ya daɗe yana zille wa harajin, saboda hukuncin Kotun Ƙoli na 1992 ya hana jiha tilasta wa kamfanin da ba shi da shago ko ma'aikata a cikinta ya karɓar mata haraji. A 2018 kotun ta soke wannan hukunci a shari'ar South Dakota da kamfanin Wayfair.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda nauyin ke faɗawa kansa. Talaka yana ƙarar da kusan duk abin da ya samu a kasuwa, attajiri kuwa yana adana kaso mai yawa na nasa, don haka rabon talaka a harajin ya fi zafi. Jihohi da yawa sun gane haka, sun cire kayan cefane da magungunan da likita ya rubuta. Amma har yanzu a Mississippi, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi talauci, uwa tana biyan haraji a kan madarar 'ya'yanta.