Alamun Ciwon Giya A Tsohuwar Sienna

Ma'aikata da dama sun dogara ga tsohuwar Toyota Sienna mai giya otomatik wajen ɗaukar iyali. Giyar irin wannan mota ba ta mutuwa farat ɗaya, takan yi gargaɗi tukuna.

In an sa giya mota ta yi nawar tashi, ko inji ya yi ta ruri gudu bai ƙaru ba, ko ta riƙa fizga lokacin canji, to a duba man giya. Lafiyayyen mai ja ne garau, wanda zafi ya ƙona kuwa baƙi ne mai ƙauri. Jan ɗigo a ƙarƙashin mota alamar yoyo ce.

Wanda ya garzaya wurin makaniki da wuri, sau da yawa toshe yoyo da canjin mai sun wadatar. Mai sakaci kuwa sai sayen giyabos sukutum, abin da kan lashe albashin watanni.